Zanen Kaka Muke So, Ko Kakar?

  Yau wata 'yar magana nake so mu juya tare, wadda da farko za ki ga kamar ba ta taka kara ta karya ba, amma in kika zauna kika nutsu za ki tarar akwai hakkin mutane a cikinta.

Duk wadda take zuwa biki ko yawon sallah a Funtuwa da Malumfashi da garuruwan da ke kewaye ta lura cewa kayan da sun fara dawowa. Za ki ga budurwa ta ɗaura saƙi ta yi ɗaurin ƙirji ranar kamu, ta zuba murjani a wuya, ta sa awarwaro, an jera mata ƙorai da faya-fayai da tabarmar kaba a baya, ana ta ɗaukar hoto da waya. Makarantu ma sun ware ranar al'ada, yara su je gida su tayar wa iyaye da hankali sai an nemo masu saƙi da ludayin duma. Alhali ba a daɗe ba, wadda duk ta fito da irin wannan shiga sai an yi mata dariya an ce baƙauyiya, ko a ce ta kwaso kayan tsofaffi.

Ni dai abin yana yi mani daɗi, ba zan ɓoye maku ba. Saƙi yana yi wa mace kyau, kuma ado ba laifi ba ne, balle a ranar farin ciki irin ta sallah. Sai dai akwai tambayar da take damuna, ita ce kuma dalilin wannan rubutu: shin ya dace mutum ya yi ado da abu, ya ji daɗinsa, ya sha yabo a kansa, alhali ya raina hannun da ya yi shi? Zanen kaka muke so, ko kuwa har da kakar?

Kafin mu amsa, bari mu fara sanin mene ne saƙin nan da muke ɗaurawa, domin da yawa daga cikin ƙannenmu sun ɗauka daga kanti yake fitowa kamar atamfa. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Garin Maska, wanda hakimin Funtuwa yake ɗauke da sarautarsa har yau, an san shi da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa. In an tsinko auduga da kaka, mata ne suke karɓarta. Sai mace ta ɗora ta a kan dutse ta gurje da ƙarfe ta fitar da gurya, sannan ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan ta ɗauko mazari da taskira, ta shafa alli a yatsu, ta shiga kaɗi. In zare mai kauri take so ta kaɗa abawa, in siriri ne ta kaɗa arafiya, wanda sai gwana. Daga nan zare ya tafi marina a tsoma shi a baba, ya je wurin masaƙi ya saƙa sawu-sawu, a haɗa sawayen da allura, sannan ya zama zane. Ki lissafa da kanki dare nawa mace za ta yi a gaban aci-balbal, bayan ta gama daka da girki da wanke-wanke, kafin ta tara zaren zane ɗaya.

Kuma kada ki ɗauka wahalar banza suke yi. Kaɗi shi ne bankin matan da. Da kuɗin zare mace take sayen tasa da ƙwarya tana tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take yin biki da gudummawa, ba sai ta miƙa wa maigida hannu a kan kowane ƙanƙanin abu ba. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a Giwa, nan kusa da mu ta hanyar Zariya, tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. A cikin labarin nata za ki ga yadda sana'ar hannu irin ta kaɗi take riƙe da matan kulle na wancan lokaci.

To me ya kashe mazari? Turawan Ingila sun kafa kamfanin BCGA a 1902 don neman audugar da za ta ciyar da masaƙunsu. Suka zo suka kafa injinan gurza a wannan yanki namu, har yau sunan BCGA bai ɓace a bakin mutanen Funtuwa ba. Layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sai audugarmu ta riƙa hawa jirgi tana tafiya, tana dawo mana a matsayin akoko da atamfa, masu araha da sauƙin wanki. Daga baya aka buɗe masaƙun zamani a gida, ta Kaduna a 1957, tamu ta Funtuwa kuma a ƙarshen shekarun 1970. Su ma ɗin da kayan waje suka yi yawa, musamman na ƙasar Sin, akasarin masaƙun Kaduna suka durƙushe a shekarun 2000. Kin ga ke nan inji ya kori mazari, sannan inji ya kori inji. A duk wannan guguwa, 'yan tsirarun tsofaffi ne suka riƙe abin a lungunan ƙauyuka, ba don ana yaba masu ba, sai don shi suka iya, shi kuma suka gada.

Na san wata za ta ce, "Haba Yaya, kaya ai kaya ne. Da kuɗina na saya, ko kuma a akwatin gidanmu na ɗauka. Mene ne na dogon wa'azi a kan zane?" Wata kuma ta ce, "So kike mu koma zamanin da, mu ajiye makaranta mu ɗauki mazari?" A'a 'yar uwa, ban ce ba. Zamanin da ba aljanna ba ne. Matan da suka yi kaɗin nan sun sha ciwon baya da ciwon ido, da yawansu ba a ba su damar karatu ba, kuma da za a miƙa masu keken ɗinki da injin niƙa da sun karɓa da hannu biyu suna godiya. Wadda duk ta ce maki komai na da ya fi na yanzu, to ba ta taɓa surfen dawa kwano biyar da asuba ba. Ban da wannan, yayi dama haka yake, yana zagayawa kamar damina da rani. Ba a hana yarinya bin yayi.

Inda gizo ke saƙar shi ne a nan. Mu duba yadda muke yi in mun shiga kasuwa. Mace za ta shiga shagon leshi ko shadda, a faɗa mata kuɗi mai nauyi, ta ɗan taya kaɗan don kunya, ta ƙirga ta bayar tana murmushi, har ta je gida tana faɗa wa kishiya farashin don ta ji haushi. Ita wannan macen ce kuma za ta tsaya a kan tsohuwa mai faifai, wadda ta yanko kaba, ta rina, ta yi kwana da kwanaki tana tufka da basilla, ta ce mata, "Wannan ɗan abin ne har kike faɗin haka?" Da idona na ga wata 'yar gayu ana jajibirin sallah ta taya wa wata tsohuwa faifai ƙasa da rabin abin da ta faɗa, tsohuwar ta ce Allah Ya kawo kasuwa, yarinyar ta yi tsaki ta juya. Ba ta yi taku biyar ba tsohuwar ta kira ta ta sallama, saboda rana ta yi, kuma akwai jikoki a gida suna jiran abin miya. Wannan faifan washegari zai shiga hoto, ƙawaye su yi ta cewa masha Allah, an raya al'ada. To wace al'ada aka raya, bayan an karya zuciyar mai ita?

Haka abin yake a cikin gida. Yarinya za ta shiga ɗakin kakarta ta buɗe adaka ta zaro saƙi da tsakiya, ko sallama ba ta yi da kyau ba. Ba ta tambayi wa ya kaɗa zaren ba, ba ta tambayi a wane biki aka fara ɗaura shi ba. In tsohuwar ta buɗe baki za ta ba da labari sai a ce, "Ke Iya kin cika surutu," ido na kan waya. An gama hoto, a dunƙule zanen a jefa mata a kan gado da jan-baki a jiki. Ni a ganina wannan ba son al'ada ba ne, aro ne, kuma Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da aka ɗauka don yayi kawai, ranar da yayin ya wuce za a yar da shi. Shaida kuwa ita ce, yanzu har yadi ake bugowa a inji da zanen saƙi a jiki, mai sheƙi, mai araha, kuma da yawa ba su damu su bambance ba, tunda a hoto duk ɗaya ne. In kamannin kawai muke so, inji ya ishe mu, masaƙi kuwa sai ya naɗe kayansa ya koma acaɓa.

Akwai wani kayan gado da ya fi saƙi nuna wannan magana, domin shi ba a iya zaro shi daga adaka in mai shi ba ta so, wato tatsuniya. Mu da muka tashi a gidan yawa mun san daɗinta, musamman a daren sallah da lokacin hutu, sa'ad da 'ya'yan dangi suka taru daga Bakori da Danja da Ƙafur da Dandume, an ci tuwon sallah an ƙoshi, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da rana ba a yi, an ce mai yi zai ɓata, wanda dabara ce ta manya don kada a bar aiki. Amma da an yi sallar isha'i, sai a kewaye tsohuwa a ji labarin Gizo da Ƙoƙi, da Ta-kitse, da Daskin-da-riɗi, da Dodo mai cin mutane.

Bari in tuna maku guda ɗaya, ta Ruwan Bagaja, yadda aka ba mu ita a gidanmu, don kowane gari da irin yadda yake juya ta. Wani mutum yana da mata biyu, bora da mowa, kowacce da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar bora laifin ɓata ƙirgin kwanciya, aka ce ta je ta wanko shi a ruwan Bagaja, wurin da babu wanda ya san nisansa. Ta yi ta tafiya tana cin karo da koguna na abubuwan daɗi, suna yi mata tayi, ba ta taɓa ba. Can ta tarar da wata tsohuwa mai ban ƙyama, tsohuwar ta ce ta cuɗa mata baya. Yarinya ta durƙusa ta cuɗa da ladabi, abin da aka sa ta duk ta yi, aka ba ta ƙwai ta zaɓi ƙarami. Da ta fasa shi a hanya sai ga dawaki da shanu da dukiya. Da mowa ta gani sai ta tura tata 'yar. Ita kuwa duk kogin da ta tarar sai ta sha, da ta isa wurin tsohuwa ta yatsine fuska ta zage ta, ta wawuri babban ƙwai. Da ta fasa, abin da ya fito bai yi daɗin gani ba.

Ki duba da kyau 'yar uwa. Hanya ɗaya suka bi, tsohuwa ɗaya suka tarar, ƙwai kuma kowacce ta samu. Abin da ya raba su shi ne yadda kowacce ta ɗauki tsohuwar. 'Yar mowa ƙwan take so, ba ta son mai ƙwan. To mu da muke son murjani muna tsaki ga mai murjani, a wane layi muka tsaya?

Abin mamaki, ba mu kaɗai muke da wannan labari ba. A ƙasar Jamus wasu 'yan uwa biyu da ake kira Grimm sun tattara tatsuniyoyin mutanensu suka fara bugawa a 1812, a ciki har da ta wata yarinya da abin kaɗinta ya faɗa rijiya, ta bi shi, ta tarar da wata tsohuwa ta yi mata hidima ta dawo da zinariya, 'yar uwarta malalaciya ta je ta dawo da baƙin ƙaro a jiki. Ashe su ma kakanninsu sun yi kaɗi, kuma sun san cewa arzikin yarinya yana bi ta hannun tsohuwa.

Mu ma an yi ƙoƙarin adana namu a takarda. Wani Bature Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, ya rubuta Magana Jari Ce aka buga a 1937, inda ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai ya sa masu rigar Hausa. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, da yawanmu mun karanta a firamare. Allah Ya saka masu da alheri. Amma littafi kalmomi yake riƙewa. Ba ya maƙale murya ya yi tsamin baki irin na Gizo, ba ya tsayawa ya ce sai an yi amshi, ba ya kallon idon yaron da ya saci nama da rana ya ƙara gishiri a wurin da ya dace da shi. Haka ita ma waya, ko da an zuba mata zanen Gizo mai motsi, ba ta san sunan ɗanki ba. Tatsuniya sai da baki, bakin kuma sai an zauna kusa da shi, an yi shiru, an saurara. Wato ba za ki samu tatsuniya ba sai kin girmama mai ba da ita. Shi ya sa ta fi saƙi saurin ɓacewa, don ita ba ta shiga hoto.

Yanzu bari mu dawo kan sallah kanta, mu matan aure. Gida nawa ake kwana ba a magana a goman ƙarshe na azumi saboda kayan sallah? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, manomi yana kukan taki, ma'aikaci yana kukan albashi, amma wata sai ta kafe sai an yi mata kala uku da anko, ko da bashi ne, ko da za a taɓa buhun masarar da aka ajiye don damina. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne a yi wanka a sa mafi kyawun tufafin da ake da su ranar idi. Mafi kyau aka ce, ba a ce dole sai sabo ba. In Allah Ya hore, a ɗinka, a gode maSa. In bai hore ba, zanen da mahaifiyarki ta ba ki, wanda kika wanke kika turara kika ɗaura da mutunci, ya fi leshin da za ki sa kina ɓuya wa dillaliya. A nan ne son kayan da na gaskiya yake da amfani, domin mace da ta san darajar tsohon zane ba a tayar mata da hankali da sabon yayi. Da tsohuwar zuma ake magani.

To me ya kamata mu yi? Ba wani abu mai wuya ba ne. In za ki ari kayan tsohuwa, ki yi sallama ki durƙusa ki roƙa, ki tambaye ta tarihinsa, ki mayar da shi a wanke a ninke, da ɗan goro ko turare a kai. In za ki sayi faifai ko ƙwarya ko hular hannu, ki tuna kwanakin da aka yi a kansu, ki yi tayi na adalci, in da hali ma ki ƙara mata, wannan shi ne goron sallar da ya fi lada. In za ki sayi saƙi ki nemi na masaƙi, ko da sawu kaɗan ne. A cikin hutun nan ki sa 'yarki ta koyi abu ɗaya da hannunta, ko tufkar faifai, ko ƙunshi irin na zunguru, ko kitso, ko ɗinkin hula, a wurin wadda ta iya a unguwarku, kuma ki biya ta kamar yadda kike biyan mai lesin. Sannan a daren sallah, ko na awa ɗaya ne, a kife wayoyi, a kashe talabijin in ma akwai wuta, a kai yara ɗakin kaka. Da farko za ta ce ta manta, ku yi haƙuri ku lallashe ta, za ku ga ta tuno. Ke ma ki zauna ki saurara, ki riƙe biyu ko uku, domin wata rana ke za a kewaye.

Wannan ita ce maganar da ya kamata kowace budurwa ta sa a ranta. Leshin da kike taƙama da shi yau, nan da shekara arba'in tsohon yayi ne, jikarki za ta zaro shi daga akwati ta yi ranar al'ada da shi. Ko za ta zauna ta ji labarinki, ko za ta ce kin cika surutu, wannan ya danganta da abin da 'yarki ta ga kina yi wa taki kakar yanzu. Abin da ka shuka shi za ka girba, mu 'ya'yan manoma mun fi kowa sanin haka.

Saboda haka ku yi ado 'yan uwana, ku ɗaura saƙi, ku zuba murjani, ku ɗauki hoto. Amma in za a ɗauka, a kira Iya ta shigo ciki, a ba ta kujerar tsakiya. Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka rigaye mu, waɗanda suke raye Ya ba mu ikon kyautata masu, Ya sa mu ga ta baɗi lafiya.